WA ZA A MIƘA WA GASKIYA? TARIHIN LABARAN BINCIKEN LAIFI NA BAƘAƘEN AMURKA



Gabatarwa

Watakila wasu za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya zai yi lacca a kan littattafan ɓarayi da masu kisan kai, waɗanda aka rubuta da Ingilishi a wata ƙasa mai nisa. Uzurina shi ne, a lokacin da nake karatu a ƙasar waje na ci karo da wasu daga cikinsu a kantin tsofaffin littattafai, na saye su don in riƙa rage dare, sai na tarar a cikinsu akwai tarihin wata al'umma da yadda ta yi zama da kotu da 'yan sanda fiye da shekara ɗari. Al'ummar kuwa ita ce ta baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka.

Abin da nake son in nuna a wannan lacca guda ɗaya ne. A labarin binciken laifi irin na asali, tambayar da ake bi ita ce, wa ya aikata? Da marubuta baƙar fata suka karɓi wannan fanni, sai tarihinsu ya tilasta musu wata tambaya wadda ta fi ta farko nauyi, watau in an gano wanda ya aikata, wa za a miƙa wa gaskiyar? Kotun da ba a amince da ita ba, ko kuwa dangi, waɗanda su ma sukan rufe ɓarna? Zan bi yadda amsar wannan tambaya ta yi ta sauyawa daga 1900 zuwa zamaninmu.

Ginshiƙin Wannan Fanni

Masana sun fi jingina asalin fannin ga Edgar Allan Poe, Ba'amurke, wanda ya buga labarin The Murders in the Rue Morgue a 1841. Bayansa Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a Ingila a 1887, sa'an nan Agatha Christie ta fito da Poirot a 1920. Zubin waɗannan labarai kusan iri ɗaya ne. Gari yana zaune lafiya, sai a wayi gari da gawa. Wani mai kaifin basira ya bi sawu, ya tattara alamu, ya nuna mai laifi, 'yan sanda su tasa ƙeyarsa, zaman lafiya ya dawo. Galibi ma ba a kai mai karatu zauren shari'a, domin marubuci da mai karatu duk sun yarda cewa da zarar gaskiya ta bayyana, kotu za ta yi abin da ya dace. A taƙaice, an gina fannin ne a kan karin maganar nan tamu, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ko da Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka fito da sabon salo a Amurka, inda 'yan sanda ke cin hanci, masu kuɗi ke sayen hukunci, tauraronsu farar fata ne, kuma in ya yi magana ana saurare. A littafin Chandler na 1940, Farewell, My Lovely, labari ya fara da kisan wani baƙar fata mai gidan giya a Los Angeles. Hukuma ba ta ɗauki kisan da muhimmanci ba, kuma ba da jimawa ba shi kansa labarin ya juya ga matsalolin Turawa. Ku riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Shari'ar Da Suka Gada

Kafin mu fahimci abin da marubuta baƙar fata suka yi, tilas mu san irin shari'ar da kakanninsu suka gani. A zamanin bauta, a jihohin kudu, ba a karɓar shaidar baƙar fata a kan farar fata. A 1850 Majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta kamo bawan da ya gudu ko da ya isa jihar da ta haramta bauta, kuma ta hukunta duk wanda ya ɓoye shi. Ashe ke nan, a idon doka, wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri shi ne mai laifi, wanda ya tona kuwa shi ne mai biyayya. Daga nan ne kame baki a gaban hukuma ya samo darajarsa a cikin wannan al'umma.

An haramta bauta a 1865, amma a 1896 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plessy, ta halatta raba jinsi a wuraren jama'a. Cibiyar Tuskegee ta ƙididdige mutum 4,743 da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙar fata ne. Da wuya a ji an hukunta waɗanda suka yi kisan, alhali sau da yawa a bainar jama'a aka yi shi.

Misalai biyu sun ishe mu. A 1931 an kama samari tara baƙar fata a Alabama, aka gurfanar da su a garin Scottsboro bisa zargin fyade ga mata biyu farar fata, cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Daga baya ɗaya daga cikin matan ta janye zarginta, Kotun Ƙoli ta soke hukunci har sau biyu, a 1932 da 1935, amma duk da haka wasunsu sun shafe shekaru a kurkuku. Na biyu, a 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi. Dattijon da yaron ya sauka a gidansa, Mose Wright, ya miƙe a kotu ya nuna mutanen da suka zo da dare suka tafi da shi. A tsarin Amurka, mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri, su ke yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi. A wannan shari'a dukkansu farar fata ne, kuma cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci suka sallami waɗanda ake tuhuma. A Janairun 1956 mutanen nan biyu suka amsa wa mujallar Look cewa su suka kashe yaron.

To, jama'a, a nan ba a rasa mai bincike ba, ba a rasa shaida ba, ba a rasa sanin wanda ya aikata ba. An kai gaskiya har gaban alƙali, aka zubar da ita. Marubucin da ya tashi da irin wannan labari a kunnensa ba zai iya rufe littafinsa da isowar 'yan sanda ya ce magana ta ƙare ba.

Matakin Farko: Mu Ma Muna Iyawa

Marubutan farko sun fi damuwa da karya ƙaryar da ake yaɗawa cewa baƙar fata ba shi da basira. A 1900 Pauline Hopkins ta buga gajeren labari mai suna Talma Gordon a mujallar Colored American, inda asirin kisan ke haɗe da asirin cuɗanyar jini a cikin wani babban gida. Tsakanin 1907 da 1909 John Edward Bruce ya riƙa buga The Black Sleuth kashi-kashi a wata mujalla. Abin sha'awa gare mu shi ne, tauraron wannan labari Bayarabe ne mai suna Sadipe Okukenu, wanda ya ga wulaƙancin kudancin Amurka da idonsa kafin ya zama mai bincike.

Wanda ya kai wannan mataki ƙololuwa shi ne Rudolph Fisher, likita a unguwar Harlem ta birnin New York. A 1932 ya buga The Conjure-Man Dies, watau mutuwar boka. Bokan, mai suna Frimbo, basarake ne daga Afirka wanda ya yi karatu a Jami'ar Harvard. Masu binciken su ne ɗan sandan ciki Perry Dart da likita John Archer, kuma duk mutanen da ke cikin labarin baƙar fata ne. Fisher ya kauce wa tambayarmu da dabara, domin ya rufe ƙofar unguwa, ya bar farar fata a waje, ya nuna doka tana aiki daidai a hannun 'yan gida. Amma ku lura da shekarar. A lokacin da ake karanta wannan littafi, samarin Scottsboro suna tsare suna jiran hukuncin kisa. Fisher ya rasu a 1934 yana da shekara 37.

Chester Himes: Gaba Kura, Baya Sayaki

Wanda ya fara fuskantar tambayar gaba da gaba shi ne Chester Himes, kuma ya san doka ne ta wajen dukanta. An haife shi a 1909. A 1928 aka ɗaure shi saboda fashi da makami, aka yanke masa shekara 20 zuwa 25 a kurkukun Ohio. Yana ciki a 1930 gobara ta kashe fursunoni fiye da 300. A can ya fara rubutu, aka sake shi a 1936. Da ya ga littattafansa a kan wariyar launin fata ba su samu karɓuwa a gida ba, sai ya ƙaura zuwa Faransa a 1953. A Paris ne wani edita, Marcel Duhamel, ya ba shi shawarar ya gwada labaran 'yan sanda. Na farko ya fito a 1957, kuma a 1958 ya ci babbar kyautar wannan fanni ta Faransa.

Taurarin Himes 'yan sandan ciki ne guda biyu baƙar fata a Harlem, Grave Digger Jones da Coffin Ed Johnson, watau Mai Haƙa Kabari da Mai Akwatin Gawa. Sunayen kaɗai sun isa bayani. Shugabanninsu Turawa ne, waɗanda ba abin da suke so illa unguwa ta yi shiru. Mutanen unguwa kuwa suna tsoronsu, suna ganinsu karnukan farautar hukuma. Su kansu masu zafin hannu ne, suna dukan 'yan'uwansu don su sami bayani, kuma Himes bai wanke su daga wannan ba.

Littafin da ya fi fito da matsalar fili shi ne Cotton Comes to Harlem, wanda ya fito da Ingilishi a 1965. Wani ɗan damfara baƙar fata, cikin rigar limamin coci, ya karɓi dala dubu ɗaya ɗaya daga iyalai 87 da alkawarin zai mai da su Afirka. Wasu Turawan kudu suka yi fashin kuɗin, kuɗin suka ɓace a cikin dilar auduga. A ƙarshe 'yan sandan nan biyu sun kama Baturen da ya shirya fashin, kuma akwai jini a hannunsa. Maimakon su kai shi kotu, sai suka tilasta masa ya biya dala 87,000 daga aljihunsa don a mayar wa talakawa, su kuma suka ba shi sararin gudu. Sun karya doka, sun kuma sayar da hakkin wanda aka kashe, amma iyalai 87 sun sami guminsu. Himes ya bar wa mai karatu ya auna da kansa. Har ila yau ku lura cewa wanda ya fara cutar talakawan nan nasu ne, kuma da sunan kishin jinsi ya cuce su.

Da tafiya ta yi nisa, Himes ya fid da rai. A Blind Man with a Pistol na 1969, watau makaho da bindiga, ba a gano mai kisan ba, labari ya ƙare cikin tarzoma. A littafinsa na ƙarshe, Plan B, wanda bai kammala ba kafin rasuwarsa a Sifen a 1984, abokan nan biyu sun rabu a kan wace za a bi, doka ko jinsi, har ɗaya ya harbe ɗaya.

Daga Tibbs Zuwa Rawlins

A shekarar da littafin auduga ya fito, wani marubuci farar fata, John Ball, ya buga In the Heat of the Night, wanda aka mai da shi fim a 1967 tare da Sidney Poitier. Tauraronsa, Virgil Tibbs, ƙwararren ɗan sanda ne baƙar fata wanda ya warware kisa a wani garin kudu har Turawan garin suka sara masa. Labarin ya dace da fatan zamaninsa, shekara ɗaya bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964, cewa ƙwarewa da haƙuri za su narkar da ƙiyayya. Sai dai Tibbs baƙo ne a garin, ba shi da uwa ko ƙane a cikinsa, saboda haka ba a taɓa jarraba shi da zaɓi tsakanin aiki da dangi ba. A wannan shekara ta 1965 kuwa unguwar Watts ta Los Angeles ta kama da wuta bayan 'yan sanda sun tsai da wani direba baƙar fata, mutum 34 suka mutu.

A Watts ɗin ne Walter Mosley ya kafa labaransa. Devil in a Blue Dress ya fito a 1990, amma a 1948 abin ke faruwa. Ya buɗe da Bature yana shiga gidan giya na baƙar fata, kamar yadda Chandler ya buɗe nasa shekara 50 kafin nan, illa dai yanzu muna ciki ne muna kallon mai shigowa. Tauraron, Easy Rawlins, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu ne, an kore shi daga masana'antar jiragen sama, yana tsoron kada bashi ya cinye masa gida. Ba shi da kaki, ba shi da lasin. Jarinsa kawai shi ne mutanen unguwa suna sakin baki a gabansa, abin da ba za su yi a gaban Bature ba. Ke nan amanar 'yan'uwansa ita ce hajar da ake saye a wurinsa, kuma kullum sai ya auna nawa zai faɗa wa hukuma, nawa zai haɗiye. Amininsa Mouse mai kisa ne, Easy ya sani, amma bai taɓa miƙa shi ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma Mosley ya nuna farashin wannan shiru. A Little Scarlet na 2004, bayan tarzomar Watts, 'yan sanda da kansu suka roƙi Easy ya binciki kisan wata mata baƙar fata, domin su ba su iya shiga unguwar. Ya tarar mai kisan ya daɗe yana hallaka mata baƙar fata ba wanda ya kula. Wannan ita ce ɗaya fuskar zaluncin, watau hukumar da ke tsananta kame ita ce kuma ke sakaci da kariya.

Mata ma sun kawo tasu gudummawa. A Blanche on the Lam na Barbara Neely, 1992, tauraruwar 'yar aikin gida ce wadda ta sulale daga kotu bayan an yanke mata ɗauri saboda cakin banki da ba kuɗi a bayansa. Ta ɓuya a gidan attajirai farar fata, ta gano asirin kisa domin masu gida ba sa ganin 'yar aiki a matsayin mai ido da kunne. A shekarar da littafin ya fito ne aka sallami 'yan sandan da aka ɗauki hotonsu suna dukan Rodney King, Los Angeles ta sake ƙonewa.

Mai Kaki Daga Cikin Gida

A zamaninmu baƙar fata sun zama alƙalai da shugabannin 'yan sanda, har ɗayansu ya shugabanci ƙasar daga 2009 zuwa 2017. Shin tambayar ta mutu ke nan? Attica Locke, 'yar Texas, wadda iyayenta suka raɗa mata sunan kurkukun Attica inda aka yi tawaye a 1971, ta amsa da littafin Bluebird, Bluebird a 2017, wanda ya ci kyautar Edgar a 2018. Tauraronta, Darren Mathews, jami'i ne a rundunar Texas Rangers, rundunar da sai a 1988 ta ɗauki baƙar fata na farko a tarihinta na zamani. Baffanninsa biyu tagwaye ne suka rene shi. Ɗaya jami'in tsaro ne, ya yi imani cewa sai an shiga cikin doka za a gyara ta. Ɗayan lauya ne, yana ganin doka abu ce da ake kare baƙar fata daga sharrinta. Tun farkon labari an dakatar da Darren daga aiki bisa zargin yana rufa wa wani dattijo aminin gidansu asiri a kan kisan wani ɗan ƙungiyar masu ƙin baƙar fata. Sa'an nan ya tafi wani ƙaramin gari inda aka tsinci gawa biyu, ta lauya baƙar fata da ta wata mata farar fata, ya tarar zuriyar jinsunan biyu ta daɗe da cuɗanya a ɓoye. Darren yana da lamba a ƙirji da bindiga a ƙugu, abin da Easy Rawlins bai samu ba, amma zaɓin da ke gabansa shi ne dai wanda ya raba taurarin Himes.

Kammalawa

Mun ga matakai huɗu. Fisher ya nuna baƙar fata na iya riƙe doka. Himes ya nuna mai riƙe ta yana tsakanin wuta biyu. Mosley da Neely sun fitar da mai bincike daga hukuma, suka bar hukunci a hannunsa. Locke ta mai da shi cikin kaki, ta nuna kakin bai warware komai shi kaɗai ba.

Kuskure ne a ɗauka waɗannan marubuta suna yabon ɓoye mai laifi. A yawancin labaransu wanda aka kashe ko aka damfara ɗan unguwa ne, kuma shirun da ke kare ɗan wani daga kotun zalunci shi ne ke hana uwar mamaci hakkinta. Abin da suka nuna shi ne, wannan shiru yana da tarihi, kuma ma'auni ne na yadda jama'a suka amince da kotu. Ba a kawar da shi da barazana, sai da shari'ar da aka ga adalcinta da ido. A 2021 an sami ɗan sandan da ya kashe George Floyd da laifin kisan kai, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar tarayya mai ɗauke da sunan Emmett Till, shekara 67 bayan kisansa. Tazarar nan kaɗai ta isa ta bayyana dalilin da ya sa har yanzu ake rubuta irin waɗannan littattafai.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar ƙaga labari, shawarata ita ce, in kun zo rubuta labarin laifi, kada ku tsaya a kan gano ɓarawo kawai. Ku tambayi kanku, shaidan da ya ga abin da idonsa, me ya sa ya ce bai gani ba? Wa yake tsoro, wa yake karewa, kuma me ya taɓa gani a kotu? A cikin amsar nan ne za ku sami labarin al'umma.